Ƙugiyar Ɗaki na Tara

Barandar masaƙar da mahaifina ya yi aiki taku ɗari biyu da goma sha biyu ce, in da ƙafarsa aka auna. Da tawa ƙafar kuwa taku ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Na san haka ne saboda ranar da ya yi ritaya an bar iyalai sun shiga, kowa yana kallon injina yana toshe kunne, ni ina bayansa ina ƙirga. Ƙofa ashirin da huɗu, goma sha biyu a dama, goma sha biyu a hagu. Ƙwan fitila goma sha tara, uku sun mutu. Tun ina aji biyu yake kirana Akawu saboda wannan hali, kuma har yau da nake kiwon kaji dubu biyu da ɗari uku sunan bai sake ni ba.

Shi kuma 'yan masaƙa Jan Alli suke ce masa. Sufeton safe ne, shekara ashirin da takwas. Aikinsa duba yadi, amma abin da mutane ba sa yarda in na faɗa shi ne, Baba ba ya shiga ɗakunan saƙa. Ƙofofin a rufe suke saboda ƙurar auduga, kuma in sufeto ya ce sai ya shiga kowane ɗaki ya bi kowane inji, rana za ta faɗi bai kai ƙofa ta shida ba. Don haka masaƙar take da tsarinta. A jikin kowace ƙofa akwai ƙugiyar baƙin ƙarfe mai lamba. Duk awa ɗaya, mai aikin ɗakin zai yanko ɗan ƙyalle kamar tsawon yatsa daga yadin da ke kan inji, ya fito ya rataya, ya koma. Baba yana tafe da hannu ɗaya a baya, ya tsaya, ya murza ƙyallen tsakanin babban yatsa da manuniya, ya ɗaga shi ga haske, ya wuce. Daƙiƙa huɗu. In zare ya tsallake, ko launi ya kauce, ko an cusa zaren da ba na gidan ba, sai ya zaro jan alli daga aljihun gaba ya ja gicciye a ƙofar. Nan take a kashe injin ɗakin, a kwashe yadin. Ɗakin kusa kuwa ko a jikinsa, aikinsa yake ci gaba da yi.

In ya tarar da ƙugiya babu komai, gicciye biyu yake ja.

"Wanda ya yi kuskure ya nuna mini, wannan mutum ne," haka yake cewa. "Wanda ya ɓoye kuwa, ban san me yake saƙawa a ciki ba, kuma ba zan jira in sani ba."

Gidanmu ma bai tsira ba. A bakin ƙofar ɗakin da muke kwana ya kafa ƙusa biyu, ɗaya tawa, ɗaya ta Yaya, wanda ya girme ni da shekara uku. Kullum kafin Baba ya dawo sai kowa ya rataya shafi ɗaya daga aikin makarantar ranar. Ni nakan rataya biyu, don a ga ƙoƙarina. Ƙusar Yaya kuwa, a zango ɗaya na ƙirga mata kwana talatin da ɗaya babu komai a kai. Baba bai taɓa dukansa ba. Gicciye biyu kawai yake ja a ƙofar da alli, mu kwana a bayansu, ni da ban ci ba ban sha ba. Yaya direban tanka ne yanzu, furfura ta fara masa, amma ya ce har yau in ya ga jan fenti a bango sai gabansa ya faɗi.

Ban da ƙusoshin nan biyu, akwai wata ƙugiya a gidan, a bayan ƙofar falo, wadda Baba yake rataya hularsa. Ba ta baƙin ƙarfe ba ce, ta tagulla ce, kuma bakinta hagu ya lanƙwasa maimakon dama. Ta Inna ce, mahaifiyarmu, kuma labarinta na ji shi ya fi sau hamsin, yawanci tana tsefe mini kai.

Inna ta zo masaƙar ne daga wata masaƙa ta wani gari wadda aka rufe. Aka ba ta ɗaki na tara. Ƙugiyar ƙofar ta karye, sito suka ce sai an rubuta takarda zuwa ofis. Ita kuwa ta taho da tata daga tsohon wurin aikinta, sai ta ɗaura abarta ta ci gaba da rataya samfurinta. Ba ta san dokar gidan ta ce duk ƙyallen da aka gani a kan ƙugiyar da ba ta da lamba, baƙo ne ba, ko da ya fi na kowa kyau. Sufeton yamma, wani dogo mai bin doka kamar ya haɗiye littafinta, ya ja mata gicciye kwana huɗu a jere. Wanda ya tara biyar a wata, sallama ce. A makon ne aka mayar da ita aikin da ya ratsa safe da yamma, Baba ya iso ƙofarta a karon farko.

"Ina leƙensa ta kafar ƙofa," in ji Inna. "Ya murza, ya ɗaga, ya sake murzawa. Ya zaro allin nan. Na ce shi ke nan, na koma gida. Ya tsaya, ya tsaya, sai na ga ya mayar aljihu ya wuce kamar bai ga komai ba."

"Allin ne ya ƙare," Baba yakan ce daga bayan jarida.

"Ji shi fa. Allin da ya kai tsawon yatsana?"

"Ya ƙare, na ce."

Amma saura sufeton yamma, wanda yake karɓar baranda ƙarfe biyu, ita kuma ba ta tashi sai huɗu. Takardar da za ta sa a yi wa ƙugiyar lamba sai da ta yi mako uku a ofis. A cikin makonnin nan uku, kullum Baba, mutumin da ba ya iya hirar minti biyu, sai ya ƙi tafiya gida. Ya tsaya a ƙofa ta takwas da kofin shayi biyu, ya tare dogon nan da zancen ƙwallo, zancen ciwon bayansa, zancen tsadar taya. Kafin ya sake shi lokaci ya ƙure, sai ya wuce ƙofa ta tara a guje ya ci gaba daga ta goma. Zagaye biyu a rana, kwana goma sha takwas na aiki, kofi saba'in da biyu in an haɗa da na Baba. Ni na yi wannan lissafin, ba su ba. Shekara tana zagayowa aka yi aurensu.

Masaƙar ta rufe shekara biyu bayan ritayarsa. Yanzu ana ajiye buhunan siminti a ciki. Inna ta rasu shekara biyu bayan haka, Allah ya ji ƙanta. Baba ya zauna shi kaɗai a gidan, yana duba ɗinkin rigunan maƙwabta ba tare da an sa shi ba, har telan layin ya riƙa canja hanya in ya hango shi. Sai hawan jinin da ya daɗe yana raina wa wayo ya cinye masa ƙoda duka biyu.

Wata goma sha huɗu muka yi muna zuwa wankin ƙoda. Sau uku a mako, awa huɗu a kan na'ura, ni a gefe da littafina ina rubuta nauyinsa kafin a fara da bayan an gama. Mutumin da yake taka baranda sau takwas a rana ya koma in ya hau matakala biyar sai ya dafa bango. Ranar da likitar ƙoda ta ambaci dashe, ban bari ta rufe baki ba. Kafin mako ya fita na tattaro mutum bakwai na jera su a ɗakin gwaji. Yaya aka ce jininsa ya hau shi ma. Gwaggo, ƙanwar Baba, aka ce tana da suga, ta fito tana faɗa wai ƙarya na'urar take yi. Ɗaya bayan ɗaya aka zubar da su, saura ni.

Likitar mace ce gajera mai saurin magana, gilashinta kullum a kan goshi. Ta zaunar da mu a ofishinta don ta bayyana mana abin da za mu shiga. Ta jawo takarda ta zana 'yan murabba'ai a jere.

"Baba, jikin mutum ɗakuna ne ƙanana, ido ba ya ganinsu. Ƙwayoyin halitta ake ce musu. Kowane ɗaki yana ƙera abubuwa a ciki, ƙofa a rufe."

"Guda nawa ne?" na ce.

"Akawu, bari ta yi magana mana."

"Sun fi ƙarfin littafinki," in ji likitar. "To, wasu ƙwayoyin cuta, irin na mura da na ƙyanda, ba sa zama a waje. Cikin ɗakin suke shiga, su ƙwace injin, su sa shi ya riƙa ƙera musu irinsu. Masu tsaron jiki kuwa, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, a waje suke sintiri, ba sa ganin ciki. Ta yaya ke nan za su san ɗakin da aka shiga?"

Tambayar ba don a amsa ta yi ta ba, numfashi kawai ta tsaya ja. Amma Baba, wanda tun safe yake zaune kamar an jiƙa tsumma, sai ya gyara zama.

"Sai ɗakin ya rataya samfuri a ƙofa."

Likitar ta ajiye biro. "Wa ya gaya maka?"

"Yo wace hanya ce kuma ban da wannan?"

Daga nan suka manta da ni. Ta ce haka ne daidai: kowace ƙwaya tana gutsuro ɗan abin da take ƙerawa, mai kyau da marar kyau, ta ɗora a kan wata marataya ta miƙo waje, ba dare ba rana. Masu sintiri su zo su shafa. In na gida ne su wuce. In suka ji ɗan guntun baƙo, su kashe wannan ƙwayar ita kaɗai, da abin da ke cikinta, su bar maƙwabtanta.

"Wanda bai rataya komai ba fa?" Baba ya tambaya, ya kafe ta da ido kamar a nan zai kama ta.

"Akwai cututtuka masu wannan wayon, su hana ɗakin ratayawa. Akwai wata runduna daban, aikinta ke nan: ƙofar da ta gani fayau, ta far mata."

"Gicciye biyu," in ji Baba, ya dube ni. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin rasuwar Inna.

Ta ƙara da cewa akwai masu ɗaukar guntun baƙon su kai ofis, a nuna, a ƙaro sufetocin da suka san shi. "Kaluluwar da ke fitowa a hammata in mutum ya ji ciwo a hannu, ofishin ne ya cika da ma'aikata."

"Allah mai iko," in ji Baba. "Shekara ashirin da takwas ina yi musu aiki, ashe kwaikwayo muke yi."

Sai ta zo kan abin da ya tara mu. Ta ce maratayan nan kowa da irin nasa, gado ne, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma manya guda shida suke dubawa kafin dashe. Ƙodar da aka dasa da maratayan mai ita take zuwa. Masu sintirin Baba za su zo su ga marataya wadda ba su sani ba, su ɗauka cuta ce ta shiga, ko da aikin ɗakin ya fi na kowa kyau. Ni da Baba mun dace a uku cikin shida.

Na rubuta uku bisa shida a littafina na ja layi, raina a ɓace. Ban taɓa sauka har hamsin cikin ɗari a jarrabawa ba. Takaicin makin ya hana ni tambayar kaina sauran ukun na wane ne.

"Shi ya sa," in ji likitar, "za ka riƙa shan magani safe da yamma, har iya rai. Shi zai sassauta masu sintirin."

Fuskar Baba ta sauya. "Wato a sa sufeto barci."

"A sassauta shi dai."

"In ɓarawo ya shigo fa?"

"Za ka fi saurin kamuwa da wasu abubuwan, gaskiya ne. Shi ya sa muke aunawa, kada ya yi yawa kada ya yi kaɗan. Wannan aikina ne, Baba, ba naka ba."

Ya ce to. Na ji yadda ya faɗe ta, amma ina sauri in tambayi ranar aikin dashen.

An yi aikin lafiya. Ni na kwana biyar a asibiti, shi goma sha ɗaya. Na dawo da shi gidana, ɗakin da ke kallon kejin kaji, muka taho da akwatinsa da rediyonsa da ƙugiyar tagulla, wadda ya sa maigidana ya kafa masa a bayan ƙofa kafin ma a shimfiɗa katifa. A wata na biyu yana zagaya kejin sau shida kafin karyawa. A na uku ya fara ɗaga ƙwai ga haske yana ware masu tsaga, ya kama tara da ma'aikatana suka bari. A na huɗu telan layinmu ma ya fara canja hanya.

A wata na biyar mura ta kama shi. Mura ce kawai, jikokinsa suka kawo daga makaranta, su ta sake su a kwana huɗu, shi ta riƙe shi goma sha shida. Na kai shi aka duba ƙirji aka ce babu komai. Ya warke. Ni dai na ɗauka magana ta ƙare.

Littafina ne ya fara tona shi. Kullum da safe yana hawa sikeli. Kilo sittin da takwas, sittin da takwas, sittin da takwas da rabi, sittin da tara, saba'in. Takalminsa ya fara matse shi. Na tambaye shi ya ce girkina ne. Ran nan yana wanka na shiga gyara masa gado, na ga gwangwanin maganinsa, hannuna ya buɗe da kansa. Ƙwaya ɗari da ashirin ake ba shi na wata, biyu safe biyu yamma. Kwana ashirin cif, huɗu-huɗu, tamanin ke nan, saura arba'in. Na zube su a kan zanin gado na ƙirga. Hamsin da takwas. Na sake ƙirgawa. Hamsin da takwas.

Ya fito da tawul a wuya ya same ni a tsaye.

"Baba, goma sha takwas ɗin nan fa?"

Bai ko yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Shi ba mai barin ƙugiya fayau ba ne. "Na yamma ne. Kwana tara."

"Mantawa ka yi?"

"Ni? Tsari na yi. Na safe su kwanta, na yarda. Amma dole a bar wasu a farke da yamma. Kin ga abin da mura ta yi mini. Kwana goma sha shida ɓarawo yana yawo a baranda babu mai ce masa kai. Wace masaƙa ce ake kashe sufeto duka biyun?"

Ban san lokacin da na ɗauko mukullin mota ba.

Aka ɗebi jini, aka tsaga ɗan ƙanƙanin nama daga ƙodar da allura, washegari likitar ta zo bakin gadonsa, gilashin a kan hanci wannan karon. Ta ce masu sintirin sun shiga ƙodar, sun fara jan alli. An kama da wuri. Kwana uku za a yi ana sa masa magani mai ƙarfi ta ruwa, kuma akwai kyakkyawan zaton za ta farfaɗo. Amma in ya koma gida ya sake tsarinsa, ba za ta kai ƙarshen shekara ba. Sai na'ura, sau uku a mako. Ta dube ni ta ce, "Ita kuma ɗaya ta rage mata, kuma ba zan taɓa ta ba."

Baba ya saurare ta tsaf. Sannan ya ce, "Likita, ruwan nan na kwana uku na yarda. Amma ki gaya mini gaskiya. Yaran nan da suka ja allin, kuskure suka yi?"

Ta ce, "A bisa abin da aka koya musu, a'a."

"To kin ji. Aikinsu suka yi. Ni kuma in riƙa ba su abin barci sau biyu a rana don sun yi aikinsu? Na kori mutum uku a rayuwata saboda gyangyaɗi a bakin aiki."

Yaya ya zo ya yi masa magana, Baba ya ce da shi ya je ya rataya shafinsa tukuna. Gwaggo ta zo ta yi kuka, ta ce tun suna yara haka yake, kai kamar dutse, ya ce ta rage suga. Ni na kawo masa lissafi: awa goma sha biyu a mako a kan na'ura, ɗari shida da ashirin da huɗu a shekara, kwana ashirin da shida ke nan cur a kwance. Ya duba ya ce lissafin daidai ne, ya miƙo mini littafin. Ranar ce na fara sanin akwai abin da ƙirga ba ta motsawa.

Rana ta biyu da hantsi na koma gida ɗauko masa kaya. Riga uku, wando biyu, caja. Ya ce kada in manta hularsa. Na tura ƙofar ɗakin, na miƙa hannu na cire hular, ƙugiyar ta fito fili, bakinta a lanƙwashe hagu. Na tsaya da hula a hannu. Rabi daga uba, rabi daga uwa. Ukun da suka dace nasa ne, shi ya ba ni. Wata biyar ina kallon uku bisa shida a littafi kamar faɗuwar jarrabawa, ban taɓa tambayar ragowar ba.

Na ɗauko sukundireba daga kicin na kwance ta.

Na same shi zaune, ruwa yana ɗiga a hannunsa, ma'aikaciyar jinya ta ajiye masa ƙwayoyin yamma biyu a ɗan kofi tun ƙarfe huɗu don kada ta manta, yana kallonsu kamar abokan gaba. Na ajiye ƙugiyar a kan bargo.

"Wa ya ce ki cire wannan?"

"Baba, cikin shidan nan uku naka ne. Yaranka sun san su, suna wucewa. Sauran ukun da suke ja wa alli, na wa ne?"

Ya dubi ƙugiyar.

"Na Inna ne," na ce. "Ita ta ba ni. Ba ni da wasu."

Ya ɗauki ƙugiyar. Babban yatsansa da manuniya suka fara murza ta, yadda suke yi wa ƙyalle.

"Yadin yana da kyau?" na ce. "Wata huɗu kana zagaya keji sau shida. Kai ne sufeto, ka faɗa."

"Ba shi da aibi," ya ce a hankali.

"Dogon nan na yamma, kuskure ya yi da ya ja mata huɗu?"

"Doka ya bi."

"Ka kashe shi?"

"Ke, wace irin magana ce wannan?"

"Ka sa an kore shi?"

"Shayi na ba shi."

"Sauran ƙofofin, yana duba su?"

"Yana dubawa. A gurguje dai, amma yana dubawa." Ya juya ƙugiyar. Can ya ce, "Wancan mako uku ne, Akawu. Takarda ta fito daga ofis, aka buga lamba, na huta."

"Wannan takardar ba za ta fito ba, Baba. Na tambayi likita, na tambaye ta sau biyu. Kullum ne. Kofi biyu safe, kofi biyu yamma, a ƙofa ta takwas. Ranar da ka tafi gida da wuri, za su ja na biyar."

Na ƙirga, don ba na iya bari. Daƙiƙa arba'in da ɗaya yana riƙe da ƙugiyar. Wani a gadon kusa yana tari, ana tura keken abinci a baranda tayarsa ɗaya tana ƙara. Sai ya ce, "Ƙarfe nawa ne?"

"Biyar saura kwata. Sai shida ake sha."

"To ajiye mini a nan inda zan gani."

Shida daidai ya haɗiye su, ya sha ruwa, ya goge baki da bayan hannu. Bai dube ni ba, taga yake kallo.

"Allin nan," ya ce, "bai ƙare ba. Sabo ne fil, a safiyar na karɓo shi daga sito."

"Mun sani, Baba."

"Ita ma ta sani?"

"Sau hamsin ta faɗa a gabanka."

Ya yi tsaki. "Mace da surutu."

Ƙodar ta farfaɗo. Ba ta koma kamar da ba ɗari bisa ɗari, likitar ta ce akwai ɗakunan da aka riga aka kwashe, amma waɗanda suka rage sun ishe shi. Ya yi shekara tara da wata biyu bayan wannan rana, kuma ba ƙoda ce ta ɗauke shi ba, zuciya ce, da rana tsaka yana zaune a inuwar keji da tiren ƙwai a cinya. Ya sha mura ya fi sau ashirin a tsakani, duk lokacin sai ya yi mita, ya ce yaran nan sun yi sanyi, amma hannunsa bai sake tsallake gwangwani ba. Ya ɗinka wa maganin 'yar jaka ya rataye ta a ƙugiyar, hula a kai. Shida na safe da shida na yamma za ka ji shi yana cewa jikokinsa su matsa, zai je ya tare dogo.

Kwana dubu uku da ɗari uku da arba'in da takwas ke nan, sha dubu shida da ɗari shida da casa'in da shida. Uku kaɗai ya makara, kuma duka ukun na san dalili: biyu muna hanya mota ta lalace, ɗaya ranar da aka haifi autata, ya manta da agogo yana duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya ga haske.

Ƙugiyar tana bayan ƙofar ɗakina yanzu. Littafin ƙirgar ƙwai nake ratayawa a kai in na tashi daga aiki, a buɗe a shafin ranar.